Farantin Ƙarfe a Ƙarƙashin Tukunya: Wanne Ya Dace?

Matar da ta saba tuƙa tuwo a murhun itace, ranar da ta koma risho ko murhun gas, sai ta tarar tuwon ya kama a tsakiyar tukunya alhali gefe bai nuna ba. Dalili kuwa, harshen wutar wuri guda yake duka. Ruwan wurin ya ƙafe, garin ya ƙone, ƙauri ya game abincin. Dabarar da aka daɗe da sani ita ce a sa farantin ƙarfe tsakanin wuta da tukunya, ya karɓi zafin ya baza shi.

Sai dai ƙarfe suna ya tara. Wajen gudanar da zafi tagulla ce kan gaba, amma tana da tsada. Alminiyom ke bi mata, ya kuma ninka baƙin ƙarfe kamar sau huɗu. Aibinsa shi ne yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, don haka ba a barinsa kan wuta babu tukunya. Baƙin ƙarfe yana da nawar ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe, kuma shi ya fi dacewa da dahuwar wake ko miyar da ke son wuta kaɗan-kaɗan. Ko wanne aka zaɓa, kauri shi ne magana. Langa-langa ba ya baza komai, lanƙwashewa kawai yake yi.

A unguwa irin Dakata, da ke maƙwabtaka da masana'antun Bompai, guntayen ƙarfe ba su da wuyar samu a hannun 'yan gwangwan, kuma a nan hatsarin yake. Kwanon rufi shafe yake da tutiya, wadda ke narkewa a wajen digiri 420. Shaƙar hayaƙinta na kawo masassara da ciwon jiki, abin da masu walda suka sani sarai. Murfin duro ya fi muni. Kamfanonin jima na Challawa da Sharada da Bompai suna aiki da gishirin kuromiyom da wasu sinadarai, kuma ido ba ya gane abin da duro ya taɓa ɗauka. Fentin jikinsa ma yana iya ƙunsar dalma, gubar da ke daƙile ƙwaƙwalwar yaro. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake ta ƙurar duwatsun zinariya ta shiga jikinsu. Saboda haka ƙarfe tsura, marar fenti, wanda aka san asalinsa, shi kaɗai ya cancanci hawa murhu.

Bayan an ɗora farantin kuma a leƙa wutar. In shuɗiya ce, lafiya lau. In ta koma rawaya, farantin ya toshe mata iska, ta soma fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200. Sai a ɗan ɗaga farantin, a buɗe tagar kicin.