Jitar Kaka Mai Maɓalli Biyu

Tallar ba ta wuce layi uku ba: jitar Hawai ƙirar Rickenbacker, ta shekarar 1935, gadon kaka ce, ko sukuru ɗaya ba a taɓa canjawa a jikinta ba. Wani abokina Bakano da ya daɗe a Los Anjelis, wanda Allah ya jarabce shi da son tsofaffin kayan kiɗa, shi ya gan ta, ya kasa barci. Daga bakinsa na ji yadda aka yi, kuma na ga labarin ya isa a rubuta.

Sai dai mu fara sanin abin da ake ciniki a kai. Wannan jita ba a rataya ta a wuya. A cinya ake kwantar da ita, tsirkiyoyinta na kallon sama. Hannun dama yana kaɗawa, na hagu yana riƙe da ɗan guntun ƙarfe mai santsi yana zamar da shi a kan tsirkiya, sai sautin ya riƙa lanƙwasa kamar muryar mai kuka. Daga wannan guntun ƙarfe ta samo sunan jitar ƙarfe, ko da jikinta na katako ne. Ana danganta salon ga Joseph Kekuku, wani yaro ɗan tsibirin Oahu, wajen ƙarshen shekarun 1880. Wanda ya taɓa sauraron faifan Juju Music na King Sunny Ade, na 1982, ya ji irin wannan murya a hannun Demola Adepoju, ko da yake tasa babbar ce, mai ƙafafu da matakai.

Dalilin da ya sa 1935 ta hana abokina barci kuwa shi ne tarihi. A Los Anjelis ɗin nan George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar lantarki a 1932, wata 'yar ƙarama ta alminiyon da mutane suka laƙa wa suna Kaskon Suya saboda siffarta. Matsalarta zafi: fitilun dandali na dukan alminiyon sai ya buɗe, tsirkiya ta kauce daga muryarta. A 1935 suka fito da samfurin B, wanda aka zuba da Bakelite, baƙar robar nan mai tauri da nauyi da ake yin tsofaffin wayoyin tarho da ita. Sol Hoopii ya kaɗa irinta, Jerry Byrd ya yi suna da ita, David Lindley ya dawo mata da farin jini a shekarun 1970. Ta shekarar farko, wadda hannun mai gyara bai shiga cikinta ba, kuɗinta daban ne.

Abokina ya nemi mai jitar, wani matashi mai natsuwa, su haɗu a shagon wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Baba yake kiransa, shi kuwa dattijon har ya saba yana amsawa. Matashin ya zo da jitar a tsohon akwatinta, ya zo kuma da shaida: hoton kakansa yana saurayi, zaune da jita a cinya, an rubuta 1936 da tawada a bayansa.

Baba ya karɓi hoton, ya ɗan dube shi, ya kife shi a gefe. Ya ce hoto zai yi magana daga baya, a bar jita ta fara.

Abin da ya fara yi ya ba abokina dariya. Ya sa babban yatsa ya yi ta goga bayan jitar har wurin ya ɗumama, sannan ya kai hanci. Bakelite na gaske idan ya ji ɗumi yakan fitar da wani wari mai kama da na maganin asibiti, wanda robar zamani ba ta da shi. Warin ya fito. Nauyin ma ya yi daidai. Nan dai babu gardama.

Abokina ne ya tayar da zancen farko. Ya nuna ƙaramin tambarin ƙarfe da ke kan jitar ya ce, "Baba, an kuskure rubutun sunan. Ga h a inda ya kamata a ga k. Anya ba jabu ba ce?" Dattijon ya ce da ya ga k a nan, da tuni ya mayar da ita akwati. Rickenbacher ake rubutawa a tambarin kayan kamfanin a wancan zamani, kuma haka aka ci gaba har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tambarin ya goyi bayan tsufa, amma bai ce 1935 ba. Shekaru goma sha wani abu suna iya shiga ƙarƙashinsa.

Sai ya ɗauko ma'auni ya nufi zuciyar jitar, wato maɗaukar sauti. Maganaɗisu biyu ne masu siffar takalmin doki, suna fuskantar juna, tsirkiyoyi na ratsawa ta tsakaninsu, a ƙarƙashi kuma akwai naɗin siririyar wayar tagulla. Faɗin maganaɗisun shi ne babbar iyaka a wajen masana wannan jita. Kafin yaƙi inci ɗaya da rabi ne. Da masana'antar ta dawo daga aikin soja ta koma yin jita, sai aka rage shi zuwa inci ɗaya da kwata. Wannan kwatan inci ɗin kuɗi ne mai yawa. Ma'auni ya nuna ɗaya da rabi. Baba ya juya jitar, ya nuna ramuka shida a baya inda tsirkiyoyi ke shiga su ɓullo ta gaba. Na bayan yaƙi an daina huda musu jiki, wani farantin ƙarfe ake ɗaure tsirkiya a kai. Shaida biyu ke nan sun haɗu: an yi ta kafin yaƙi. Matashin ya yi murmushi, abokina ya fara lissafin aljihu.

Murnar ba ta daɗe ba. Baba ya kunna fitila, ya karkata jitar, ya kira su su karanta wasu ƙananan lambobi da aka buga a ƙarfen gefen maɗaukar sautin: 2089171. Lambar haƙƙin ƙirƙira ce. Beauchamp ya shigar da takardar nema a 1934, amma ofishin da ke ba da ita a Amurka bai amince ba sai ranar 10 ga Agusta, 1937. Kafin ranar nan babu lambar da za a buga, sai 'yan haruffa da ke nuna ana jiran amincewa. Ƙarfen da ke ɗauke da wannan lamba ba zai taɓa zama na 1935 ba.

To ga hoto na cewa 1936, ga ƙarfe na cewa sai bayan Agustan 1937. Ɗaya daga cikinsu yana da bayanin da bai yi ba tukuna.

Abokina ya kawo shawarar a duba lambar jitar kanta, wadda aka buga a can ƙarshen kai. Baba ya karanta ta, ya ɗaga kafaɗa. Lambobin wancan zamani ba su da wani kundi tabbatacce da za a buɗe a ga shekara. Ga kuma abin da ya fi wannan: wuyan jitar da sukurori aka ɗaure shi, ana kwance shi a sa wani, don haka lambar da ke kansa shekarun wuya kawai za ta iya faɗa, ba na gangar jiki ba. Ni a ganina masu saye sun cika dogaro da lamba. Ita ce abu mafi sauƙin karantawa, shi ya sa ake ba ta girman da bai kai nata ba.

Hasashen da ya fi kusa a lokacin shi ne an canja maɗaukar sautin. Wato jitar ta 1935 ce, tata ta lalace, aka sa mata wata daga baya. In haka ne, ciniki ya ɓaci, domin abin da ake biya dominsa ke nan. Baba ya nemi izinin matashin ya buɗe ciki. A fuskar samfurin B akwai faranti biyar na ƙarfe masu ruwan kurom da ke rufe ramukan jiki. Ya zaɓi sukundireban da ya cika bakin sukurun daidai, ya kwance a hankali, yana jera kowane sukuru a inda zai gane shi. Bakelite ba ya yafe ganganci, idan aka matsa masa tsagewa yake yi.

A ciki akwai bolum biyu irin na tsohuwar rediyo, ɗaya na ƙarar murya, ɗaya na kaurinta. Na kaurin murya ya yi duhu, dalmar da ke jikinsa ta dushe ta yi toka-toka, babu wata lamba ta kwanan wata a bayansa. Na ƙarar murya kuwa dalmarsa ta fi haske, kuma an buga masa lambobi bakwai da suka fara da 13764. Matashin ya tambayi ma'anarsu. Baba ya ce bayan yaƙi ne masana'antun kayan lantarki na Amurka suka fara buga irin wannan lamba. Ukun farko sunan kamfani ne: 137 na CTS, 304 na Stackpole, 134 na Centralab. Biyun da ke biye shekara, biyun ƙarshe mako. Wannan bolum an ƙera shi a 1964. Maganar cewa ba a taɓa canja komai ba ta faɗi a nan. Amma dattijon bai ɗauki abin da zafi ba. Bolum abu ne mai cinyewa, jitar da aka yi shekara ashirin da wani abu ana kaɗawa dole ta nemi sabo. Hasali ma alama ce cewa an mora.

Abin da yake nema daban ne. Ya bi wayar da ta fito daga maɗaukar sautin da ido, ya ga tsohuwar suturarta iri ɗaya ce da ta sauran tsofaffin wayoyin, ba a yanke ta an yi ƙari ba. Ya ɗora mita a kanta. Naɗin wancan zamani da waya mai ɗan kauri aka yi shi, shi ya sa awonsa ke yin ƙasa, wajen om dubu biyu. Wanda aka sake naɗawa da siririyar wayar zamani yakan ninka haka sau biyu ko uku. Allurar ta tsaya a inda ake so. Ya ɗaga maɗaukar kaɗan, ya nuna musu shatin da ta bari a jikin Bakelite, wuri mai sheƙi da rana da ƙura ba su taɓa ba, ya bi gefenta daidai babu saɓani. Tare suka tsufa. Hasashen canji ya rushe, tambayar kuma ta dawo sabuwa: in maɗaukar ta asali ce, kuma ba ta riga 1937 ba, wace jita ce a cinyar kaka a 1936?

Sai a lokacin ya jawo hoton, ya ɗora masa gilashin ƙara girma, ya ce wa abokina, "Ƙirga min maɓallan murɗawa." Ɗaya ne a hoto. A kan tebur kuwa biyu, ɗaya a kowane gefe. Samfurin B da maɓalli ɗaya ya fara fita, na ƙarar murya kaɗai. Daga baya aka ƙara na biyu a ɗaya gefen, daga baya kuma aka tattara su gefe guda.

Saura ƙofa ɗaya a rufe. Mai yiwuwa kakan ne ya kai wa wani ya huda farantin ya ƙara masa maɓalli, abin da makaɗa da yawa suka yi. Baba ya cire maɓallin na biyu ya leƙa bakin ramin. A masana'anta ana huda faranti kafin a tsoma shi a ruwan kurom, don haka kurom yakan shiga har cikin bakin ramin. Wanda aka huda a gida yakan bar tsiraicin ƙarfe da ɗan kaifi a baya. Wannan ramin sumul yake, da kurom ɗinsa zagaye. Da maɓalli biyu ta baro masana'anta.

Jita biyu ke nan, ba ɗaya ba. Matashin ya yi shiru, sannan ya fita waje ya kira yayar mahaifiyarsa, wadda ta fi kowa tsufa a gidansu. Ya dawo yana dariyar kunya. Ta ce ai ta farkon faɗuwa ta yi daga kan kujera a wani gidan rawa ta rabe biyu, tun kafin a haife ta, kakan ya yi ta tara kuɗi ya sayi wata. Akwatin ne kawai na farkon. Babu wanda ya taɓa tambayarta.

Hukuncin da Baba ya rubuta musu a takarda gajere ne. Samfurin B mai tsirkiya shida, an yi ta bayan Agustan 1937 kuma kafin a mayar da maɓallan gefe guda, wajen 1938 ke nan. Jiki, faranti da maɗaukar sauti na asali. Bolum ɗaya na 1964. Kunnuwan ɗaure tsirkiya ma ya ce an sake musu kawuna, abin da bai ba shi mamaki ba, domin tsohuwar robarsu marmashewa take yi da kanta. Ya ƙara da nasa ra'ayin da baki: a wajen mai tarawa don ajiya ta 1935 ta fi daraja, amma mai son kaɗawa ya fi morar mai maɓalli biyu, tun da maganaɗisun iri ɗaya ne kuma ga damar rage kaifin murya.

An rage kuɗin daga abin da aka sa a talla, ba ragi mai yawa ba, kowa ya ce ya yarda. Abokina ya biya Baba ladan dubawa, ya roƙi matashin ya bar masa kwafin hoton da akwatin. Da ya ce zai nemo tsohon bolum na kafin yaƙi a mayar mata, dattijon ya hana shi. Ya ce na 1964 yana aiki lafiya, a bar shi a inda yake.