Ruwan da Ke Ɗauke da Nauyin Gwiwa

Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi a inda gaɓa ta haɗu da gaɓa, wato guringuntsi. Kuma irinsa ne Allah Ya shimfiɗa a gwiwar ɗan Adam, kaurinsa bai fi milimita 2 zuwa 4 ba, alhali kuwa shi ke karɓar nauyin mutum a tafiya da tsayuwa, a ruku'u da sujada, tun daga ƙuruciya har tsufa. Abin ta'ajibi shi ne, kimanin kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na wannan nama ruwa ne, ga shi kuma babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa likitan nan na Landan, William Hunter, ya lura tun 1743 cewa idan ya lalace da wuya ya warke.

A shekarar 1980 Van Mow da abokan bincikensa a Amurka suka kafa ƙa'ida cewa a ɗauki guringuntsi tamkar jiƙaƙƙen soso mai matsattsun kafofi, wanda in an danne shi ruwan cikinsa yakan so ya fita, amma ƙuncin kafofin ya hana shi gaggawa, sai ya tsaya ya tokare. Saboda haka a farkon taku ruwan ne ke ɗaukar fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyin, zaren naman kuwa yana hutawa, santsin gaɓa kuma yana tabbata. Asalin lissafin tsiyayar ruwan nan daga wani injiniya Bafaranshe ne, Henry Darcy, wanda a 1856 ya gwada yadda ruwa ke ratsa yashi domin shayar da mutanen birnin Dijon, bai kuwa taɓa tunanin gwiwa ba.

To, da yake da wuya a ga abin da ke gudana cikin guringuntsin gwiwar mai rai, sai masana suka koma ga kwamfuta: a zana surar gaɓar, a yanyanka ta dubban ƙananan gutsattsari, a warware lissafin kowane guntu, sa'an nan a harhaɗa amsoshin. Wannan dabara ta injiniyoyi ce, Ray Clough ne ya raɗa mata suna a 1960. Cikin naman, lissafi ba ya ba da wahala ƙwarai. Mas'alar tana bakin fuska, inda guringuntsin ƙashin cinya ya sadu da na ƙwauri, domin a nan wajibi ne mai lissafi ya yanke hukunci a kan inda ruwa zai bi. Inda fuskokin biyu suka manne, sharaɗi ne matsin ruwa ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma abin da ya fita daga wannan ya shiga wancan ba tare da ragi ba. Inda ba su taɓa juna ba, ruwan yana tsattsafowa cikin kogon gaɓa ba mai tare shi. In kuwa abokin karon ƙarfe ne, kamar kan ƙugun da likitoci kan dasa wa wanda ya karye, to ƙofa ta rufu ƙirif. Kuma iyakar da ke tsakanin waɗannan halaye ba ta zama wuri guda, tana tafiya ne da kowane motsi na gwiwa, ta yadda gurbin da yake a toshe yanzu zai buɗe nan da ƙiftawar ido.

Wanda ya yi sakaci ya bar ƙofa a buɗe ƙarƙashin wurin mannewa, zai ga guringuntsinsa ya zubar da ruwa da wuri ya lotse, har ya zargi lafiyayyen nama da rauni. Wanda ya toshe ko'ina kuwa zai sami gaɓar da ba ta gajiya, wadda ba a halicce ta ba. A ganina irin wannan kuskure ya fi kowane hatsari, domin kwamfuta ba za ta yi gardama ba, za ta fitar da hoto mai launi-launi wanda ke burge mai kallo ko da ginshiƙinsa ɓatacce ne. Ƙari a kan haka, kafofin naman suna ƙara tsukewa gwargwadon yadda aka matse shi, don haka adadi guda bai isa ya wakilci saurin tsiyayar ba.

A 2010 Gerard Ateshian na Jami'ar Columbia, tare da Steve Maas da Jeffrey Weiss na Jami'ar Utah, suka wallafa hanyar da ke binciken wurin mannewa a kowane mataki, tana buɗewa tana rufewa da kanta, suka sanya ta cikin manhajarsu ta kyauta mai suna FEBio. Wannan hanya ta farko ba ta lissafa gogayya tsakanin fuskokin ba, sai bayan wasu shekaru aka ƙara ta, domin ita gogayyar tana ƙaruwa ne daidai da yadda ruwa ke sakin nauyin da yake ɗauke da shi.