Zane da Launi Uku: Dabarar Matan Arewacin Ghana

A ƙauyukan arewa maso gabashin Ghana, tun daga yankin Garu da Bawku har Sirigu, mata ne ke yi wa bangon gida ado, kuma da rani suke yi, bayan an gama yaɓe. Launi uku ne jarinsu: ja daga jar ƙasa, fari daga farar ƙasa, baƙi daga wani dutse da ake niƙawa, ko da yake wasu sun koma kwalta. In zane ya bushe sai a yayyafa masa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don kada damina ta wanke shi. Da gine-ginen siminti suka yawaita, sana'ar ta fara ja da baya. A 1997 Melanie Kasise ta kafa ƙungiyar mata ta SWOPA a Sirigu domin a raya ta.

Matan ba sa kwaikwayon kamannin abu sak. Fasasshiyar ƙwarya, alal misali, jerin alwatika ce kawai. Mai koyon zane zai iya bin wannan hanya a takarda. Sai ya ajiye tulu da ƙwarya da goro biyu a kan tabarma, ya kanne ido har ƙananan alamomi su ɓace, siffa kaɗai ta rage. Tulu ya zama da'ira mai wuya, ƙwarya rabin da'ira. Zai fara shafe takardar da ja, ya bari ta bushe, ya fitar da siffofin da baƙi, fari kuma sai a ƙarshe, inda haske ya faɗa. Nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aiki: garin ɗoki sukan cika fari, zanen ya tashi fayau.

Ga ɗalibin Hausa, waɗannan launuka uku su ne tushe. Ana cewa farin tulu, farar ƙwarya, fararen duwatsu. Baƙi, baƙa, baƙaƙe. Amma ja ba ya sauyawa tsakanin namiji da mace, sai a jam'i, jajaye. Launuka da yawa kuwa aro ne daga wani abu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Har da ruwan goro, launin da ke kama bakin mai cin goron da fatake suka riƙa ɗaukowa daga kasuwar Salaga zuwa Kano a ƙarni na 19.