Farauta da Karnuka a Ƙasar Daura: Al'ada Tana Nan, Daji Yana Ƙarewa

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, mai rairayi, ba ta da manyan duwatsu irin na Jos. Da zarar an gama kaka an kwashe gero da wake, sai gonakin Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa su koma fili fetal, ba abin da ke tare ido sai gawo da kuka da tsamiya. A wannan lokaci ne mafarauta suke fita da karnukansu tun da sanyin safiya, riƙe da gora da kere, su yi ta tafiya a ƙasa mil bayan mil, suna bincika gindin sabara da kalgo ko za su tayar da zomo, ko zabuwar daji, ko gafiya.

Wannan fita tana da ƙa'idojinta tun zamanin da. Ba a yin farautar gayya da damina, domin shuka tana tsaye, kuma lokacin ne zabuwa take saka ƙwai a ƙasa cikin ciyawa. Akwai shugaba, watau Sarkin Dawa, wanda yake sa rana, ya faɗi dajin da za a nufa, ya raba gardama idan karnuka biyu suka kama nama guda. Addinin Musulunci ma ya yarda a ajiye kare saboda farauta ko kiwo ko gadin gona, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo.

Abin lura shi ne, Turawan Ingila, waɗanda suke hawan tuddai da karnukansu don shan iska kawai, sun zo ga irin wannan ƙa'ida ta hanyar doka. A shekarar 1932 ɗaruruwan mutane suka hau tudun Kinder Scout ba da izinin masu filin ba, suna neman haƙƙin yawo. Dokar shekarar 2000 ta buɗe irin waɗannan filaye ga jama'a, amma ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa.

To, a ƙasar Daura matsalar ita ce dajin kansa. Yawan jama'a ya sa an mai da kurmi gona, an sare itatuwa don girki, ga kuma hamada tana matsowa daga arewa. Barewa da gada, waɗanda kirarin mafarauta yake ambato, sun yi wuyar gani. Sa wa daji wuta don a koro ɓera ko gafiya yana ƙone ciyawar da makiyaya suka dogara da ita, ya kashe ƙananan itatuwa. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma dashe ba zai yi amfani ba muddin ana ƙona abin da ya tsiro da kansa.

Haɗari na biyu shi ne ciwon haukan kare. Karen farauta yana gamuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, sa'an nan ya dawo gida cikin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinsa. Wanda kare ya ciza kuwa, sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya asibiti, domin in alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tsira.

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Ya kamata ma'aikatan dabbobi da na gandun daji su zauna da sarakunan dawa kafin kaka, a yi wa karnuka allura, a hana wuta, a keɓe wuraren da za a bari su huta. In ba haka ba, za a gaji kere da kare, amma babu dajin da za a shiga.