Kafin ka jona wa kibod wayar ƙari

An ajiye kwamfuta a ƙarƙashin tebur, wayar kibod ta gaza, sai mutum ya buɗe aljihun tebur ya zaro duk wayar da bakinta ya shiga ramin. Sau da yawa ta yi aiki. Amma kama da wane ba wane ba ne, kuma a harkar waya, abin da ke cikin robar shi ne zance.

Wayar USB ta gama-gari zare huɗu ne a cikinta. Ja da baƙi su ke kai wuta, bolt 5, fari da kore kuwa su ke ɗaukar saƙon madannin da ka latsa. Bolt 5 ba ta jan mutum, don haka lafiyar na'urar ake jiye wa. Wasu wayoyin caji masu arha zare biyu kawai aka sa musu: fitilar kibod za ta kama, amma ka yi ta bugawa ba harafin da zai fito. Kibod lafiya lau yake, kar ka kai shi wajen mai gyara.

Sai tsawo. Ƙa'idar USB 2.0 ta tsaya a mita 5, kuma na'urori masu tafiyar hawainiya, irin kibod da linzami da yawa, mita 3 aka ware musu. Wannan lissafin har da wayar kibod ɗin kanta. In aka wuce nan, musamman da siririyar waya, wuta na raguwa a hanya, sai haruffa su riƙa ɓacewa ko kibod ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Mai fitilu ya fi shan wahala, tunda ramin USB 2.0 miliyamfiya 500 kaɗai yake bayarwa. Maimakon jona waya kan waya, gara a sayi mai ƙarfafa saƙo a cikinta, ko a sa hob, wato akwatin raba ramukan USB, mai nasa caja. A duba lambar AWG, mai nuna kaurin zare, a jikin robar: 24 ta fi 28 kauri.

Wayar da aka haɗa zarenta a karkace ita ce muguwa. A 2016 wata wayar USB-C irin wannan ta lalata kwamfutar Benson Leung, injiniyan Google da ke gwada wayoyin kasuwa. In gwani ya faɗa, ina ga mai saye a bakin titi? Haka waya mai bakin USB-A namiji a kowane gefe, kar a kuskura a haɗa kwamfuta biyu da ita.

Masu tsohon kibod mai zagayayyen baki ruwan shunayya, wato PS/2 da IBM ta fito da shi a 1987, su kashe kwamfuta kafin su cire ko su jona, domin ba a yi shi don a zare shi da wuta ba.