Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi Bayan Hadari

A ƙasar Daura, daga cikin birni har zuwa Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, ruwan farko yakan sauka ne a watan Mayu ko Yuni, kuma ba kasafai yake zuwa a natse ba, domin hadarin yakan taso daga gabas da iska mai ƙura, da walƙiya da tsawa, kafin ruwan ya kece. Washegarin irin wannan dare ne ɗalibi, ko mai shagon buga takardu, yakan danna maɓallin kwamfutarsa ya ji shiru, nan take ya yanke hukuncin cewa ta ƙone. Sau da yawa wannan hukunci gaggawa ce, saboda ɓarnar takan tsaya ne a sassan da wuta take fara ratsawa, waɗanda suka fi sauran arha da sauƙin canzawa.

Ba sai aradu ta faɗa kan gida ba kafin ta yi ɓarna. Saukar aradu guda tana ɗauke da wutar da ta kai kimanin amfiya 30,000, kuma idan ta sauka kusa da falwaya, wayoyin da ke kai sukan ɗauki wani ƙarfi na farat ɗaya wanda zai bi su har cikin ɗaki. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, amma wannan ƙarfi na farat ɗaya yana iya kaiwa dubbai a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwai wata hanyar da mutane ba su cika lura da ita ba, wadda take da muni ƙwarai: idan iska ta tsinke wayar da masu aikin lantarki ke kira nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta zuwa taransifoma, wasu gidajen sukan samu wutar da ta doshi bolt 400, kuma alamarta ita ce ƙwan lantarki ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta ɓalle. A irin wannan hali ba a jona komai sai ma'aikatan KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, sun gyara layin.

Ƙa'idar bincike ita ce a fara daga bango a nufi cikin na'ura, amma kafin nan a zare filogi a duba ko ruwa ya shiga, musamman a ɗakin da kwanonsa ke yoyo ko aka bar tagarsa a buɗe. Kwamfutar da ta jiƙe ba a kunna ta, sai an bar ta ta bushe a inuwa, inda iska ke kadawa, na kwana biyu ko uku, domin haɗuwar ruwa da wuta ce ke ƙona sassan da ruwan kaɗai bai lalata ba. Haka nan idan hanci ya ji ƙauri, ko ido ya ga baƙin tabo a bakin soket, to gwaji ya ƙare, sai mai gyara. In babu ko ɗaya daga ciki, sai a jona fitila ko cajar waya a soket ɗin don a tabbatar akwai wuta, sannan a cire sitabilaiza da doguwar wayar jone-jone a jona kwamfutar kai tsaye a bango. Filogi mai ƙafa uku yana da ɗan fis a cikinsa, wanda aka yi shi don ya tsinke idan wuta ta yi yawa, kuma canza shi da sabo mai lamba iri ɗaya yakan warware matsalar baki ɗaya. Ɗabi'ar naɗa siririyar waya a gurbin fis abu ne mai haɗari, domin ta cire kariyar da ke tsakanin na'ura da gobara.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da garkuwar da ba a cika yaba mata ba, wato caja, wadda ke mayar da wutar bango zuwa bolt 19 ko 20, kuma ita ce ke fara mutuwa a madadin kwamfutar. Idan an ari wata cajar da ta yi daidai da ita a baki da kuma lambobin da ke rubuce a bayanta, za a gane gaskiya cikin minti ɗaya. Wata dabarar kuma ita ce a cire caja, a cire batir idan mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, domin ragowar wutar da ta maƙale ta fita, sannan a sake jonawa. A kwamfutar tebur, akwatin da ke raba wuta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 shi ne ke karɓar bugun, kuma ana canza shi ɗungurungum ne, ba a buɗe shi a gida, saboda yana riƙe da wutar da ke iya kisa ko bayan an zare filogi. Idan kuwa fanka tana juyawa amma fuskar kwamfuta baƙi ƙirin, laifin yana iya zama na fuskar ko wayarta, ko kuma ƙurar hunturu da ta taru ta sha danshi a kan ram, wato ɗan siririn allon da ke riƙe aikin da ake ciki, wanda akan zare a share a mayar.

Idan duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa babban allon da sauran sassa ke hawa kansa ne ya taɓu, kuma nan ne kuɗi ke shiga, har wani lokaci sai an nemo kayan daga titin Beirut a Kano. Abin da ya kamata mai kwamfuta ya riƙe shi ne, ma'ajiyar bayanai takan tsira ko da allon ya mutu, don haka yana da haƙƙin ya ce wa mai gyara ya ciro ta ya kwashe masa takardunsa da hotunansa kafin a taɓa wani abu. Kundin digiri ko lissafin shago na shekaru ya fi na'urar kanta daraja nesa ba kusa ba.

Game da kariya, sitabilaiza tana daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma aradu ta fi ta sauri. Na'urar tare bugun wuta kuwa aikinta ya dogara ne da wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da rarar wuta ta cikin ƙarfen da aka binne, kuma busasshiyar ƙasar rairayi irin ta Daura ba ta karɓar wuta sosai, musamman kafin ruwa ya ratsa ta, wanda shi ne daidai lokacin da hadarin farko ke zuwa. Masu sola ma ba su tsira ba, tunda wayoyinsu daga saman rufi suke saukowa zuwa inbata. Saboda haka, da zarar gabas ta yi baƙi, a zare filogin kwamfuta daga bango gaba ɗaya, tare da duk wayar da ta shigo daga waje, domin kashe makunnin soket kaɗai ba ya hana aradu tsallakawa.