Hattara: tsofaffin ƙofofin gidajen karkarar Ingila na lalacewa a ɓoye

Duk mai hannu a tsohuwar ƙofar babban gida a karkarar Ingila, mai gida ne, magini ne ko direban kai kaya, ya saurara. Ƙofar tana bakin hanya, nesa da idon masu gida. Shi ya sa ita ake fara mantawa.

Ku dubi ƙofar Tixall, kusa da garin Stafford. Sir Walter Aston ya gina ta wajen 1580. Bene ce mai hawa uku, da hasumiya a kowace kusurwa, ginshiƙan kowane hawa da irin sassaƙarsu. A gidan da take tsaro aka tsare Maryamu, Sarauniyar Sikotland, a 1586. An rushe babban gidan Tixall a 1927. Lokacin da ƙungiyar Landmark Trust ta sayi ƙofar a 1968, ba rufi, ba daɓe, ba tagogi. Shanu ne ke fakewa ciki. Ita ta samu mai ceto. Ba kowace ke dacewa haka ba.

Ruwa ne ke fara ɓarna. Indararo ya toshe da ganye. Ruwan ya kwanta, ya ratsa dutse. Sanyin hunturu ya daskarar da shi, ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓare. Sassaƙar shekara ɗari huɗu ba ta dawowa.

Sai ƙarfen da ba a gani. Maginan dā sukan ɗaure dutse da dutse da ƙarfe a cikin bango. Laima ta kai gare shi, ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen cin wuri, sai ta tsaga dutsen daga ciki. In kun ga jan zirin tsatsa yana gangarowa daga gaɓar dutse, aikin ya riga ya yi nisa.

Mugun gyara ya fi sakaci saurin kisa. Da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora waɗannan duwatsu, mai barin laima ta fita. Wani ya zo da siminti ya toshe, wai ya fi ƙarko. Laimar ta rasa hanya, sai ta ci dutsen. Wanda ya taɓa ganin an shafe katangar ƙasa da siminti ya san yadda take ƙarewa. Kuma a ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, sauya fasalin gini mai rajista ba izini laifi ne.

Motoci ma. Don keken doki aka auna faɗin irin waɗannan ƙofofi, ba don babbar mota ba. Gogar ginshiƙi sau ɗaya ta isa ta gusar da shi.

Ga ɓarayin darmar rufi, masu zuwa da dare. Su yaye, su tafi, ruwa ya shiga wata da watanni ba wanda ya sani.

Kada a jira sunan ƙofar ya fito a jerin gine-ginen da ke cikin haɗari da hukumar Historic England ke fitarwa duk shekara. A share indararo kafin hunturu. A kira maginin da ya san farar ƙasa. Direba, in ka ga ƙofar ta yi maka ƙunci, ka tsaya a waje ka nemi wata hanya.